Yadda Za Ka Rabu da Gidan Hutun Karɓa-Karɓa da Ya Zame Maka Alaƙaƙai

A garuruwan shaƙatawa irin su Orlando da Las Begas a Amurka, Kankun a Meziko, da tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, akwai wata sana'a da ta daɗe tana cin kasuwa: a sayar wa mutum hamsin ɗaki ɗaya, kowa da makonsa a shekara. A can sunan abin taimshiya, wato gidan hutu na karɓa-karɓa. Yawanci da kyauta ake jawo mutum. A ce ga tikitin shiga filin wasan Disney, ko kwana uku a otal a kan rabin kuɗi, in dai za ka zo da matarka ku saurari bayani na minti 90. Bayanin kan kai awa huɗu ko biyar. Wannan mai talla ya tashi wancan ya zauna, farashi na ta sauka, ana nanata maka cewa rangwamen na yau ne kaɗai, yara sun gaji suna kuka, har dai a kai ga sa hannu.

'Yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila sun faɗa ciki, haka ma wasu 'yan kasuwa da ma'aikata da suka kai iyali hutu daga gida. A Amurka matsakaicin farashin saye ya haura dala 20,000, kuɗin kula da gini kuma ya wuce dala 1,000 a shekara. Wannan kuɗin na shekara shi ne ciwon. Yana ƙaruwa kusan kowace shekara, ka je hutun ko ba ka je ba sai ka biya, kuma a yarjejeniyoyi da yawa ba shi da ranar ƙarewa. In guguwa ta kwashe rufi ko aka tashi gyaran gini, a aiko da wani kuɗin na musamman a kai. Wanda ke samun kuɗinsa da naira ya fi kowa jin jiki: a farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500.

Kafin mu shiga matakan, akwai maganar da gara ka haɗiye ta tun yanzu duk ɗacinta. In wa'adin soke ciniki ya wuce, kuɗin da ka biya wurin saye ya tafi, kuma da wuya ka sake ganin ko kashi ɗaya cikin goma nasa. Abin da kake nema yanzu shi ne sunanka ya fita daga takarda, kuɗin shekara ya tsaya. Duk wanda ya riƙe begen dawo da asalin kuɗinsa, shi ne 'yan damfara ke samu a ɓagas.

Mataki na farko: in cinikin sabo ne, soke shi yau

Doka ta san irin matsin da ake yi wa mutane a ɗakunan nan, shi ya sa ta ba mai saye 'yan kwanaki ya sake tunani, ya janye ba tare da ba da dalili ba, kuma a mayar masa da kuɗinsa cif. A jihar Florida kwana 10 ne. A Kalifoniya da Hawayi kwana 7. A Nebada, inda Las Begas take, kwana 5 kacal, haka ma Karolina ta Kudu. A Meziko ranakun aiki 5 ne, kuma hukumar kare masu saye ta ƙasar, Profeco, ita ake kai wa ƙara in kamfani ya ƙi. A ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 ne bisa dokar 2008, Birtaniya ma 14 bisa dokarta ta 2010, kuma a can haramun ne kamfani ya karɓi ko sisi na kafin alƙalami kafin kwanakin su cika. Dokar da ke aiki yawanci ita ce ta wurin da aka yi cinikin ko inda ginin yake, ba ta garin da kake zaune ba.

Buɗe yarjejeniyar ka nemi sakin layin da ke maganar soke ciniki. Sau da yawa yana kusa da inda ka sa hannu, da manyan baƙaƙe. A nan za ka ga adadin kwanaki da adireshin da za a aika takarda, kuma wannan adireshin kan bambanta da na ofishin da ka yi cinikin. Ka bi abin da aka rubuta daki-daki.

Takardar kanta gajeriya ce. Kwanan wata a sama, sunayen duk waɗanda suka sa hannu kamar yadda aka rubuta su a yarjejeniya, lambar yarjejeniya, ranar saye, sai jimla ɗaya da ke cewa kun soke wannan ciniki kuma kuna neman a mayar muku da duk abin da kuka biya. In kai da matarka kuka sa hannu wurin saye, ku biyun za ku sa hannu a nan ma. Kada ka tsaya ba da haƙuri ko bayanin dalili. Ka kai gidan waya ka aika ta hanyar wasiƙa mai rajista wadda ake dawo maka da shaidar an karɓa, ka ɗauki hoton takardar da rasit mai ɗauke da hatimin ranar. A Florida ranar da ka aika ita ake lissafawa, ba ranar da ta isa ba, kuma kamfani na da kimanin kwana 20 ya dawo da kuɗin.

Abu ɗaya da nake roƙonka: kada ka koma wurin wanda ya sayar maka, kuma kada ka dogara da waya. Aikinsa ya hana ka janyewa. Zai ce manaja ba ya nan, ka dawo jibi, ko ya ba ka ƙarin mako kyauta, kwanakin su ƙare kana jira. In sun buɗe maka katin bashi a wurin don biyan kafin alƙalami, wanda sukan yi ba tare da mutum ya ankara ba, ka kira bankin katin ka rufe shi bayan kuɗin ya dawo.

Mataki na biyu: san ainihin abin da ke hannunka

In kwanakin sun wuce, zauna ka fito da duk takardun. Mutane da dama suna shekara goma suna biya ba su san me suka saya ba. Iri uku ne. Akwai mai takardar mallaka, wanda aka yi wa rajista a ofishin filaye na gundumar da ginin yake, kamar yadda ake yi wa gida. Wannan naka ne har abada, kuma yana shiga gado. Akwai na haƙƙin amfani zuwa wasu shekaru, 20 ko 30 ko fiye, wanda ya fi yawa a Meziko tunda dokar ƙasar ta taƙaita wa baƙi mallakar fili kai tsaye a bakin teku. Sai na maki, inda kake memba a kulob, a ba ka maki kowace shekara ka kama ɗaki da su. In naka na shekaru ne kuma saura uku ko huɗu ya ƙare, wataƙila haƙuri ya fi komai araha.

Sai ka rubuta amsar tambayoyin nan a takarda ɗaya: sunan wa da wa ke kan mallakar, nawa ne kuɗin shekara kuma yaushe ake biya, akwai bashin baya, akwai ragowar bashin saye kuma nawa ne. Ta ƙarshen ita ce ta fi nauyi. Kamfanonin kan ba da bashin da kansu, da kuɗin ruwa da sau da yawa ya haura kashi 12 cikin 100, ga Musulmi kuma wannan wani nauyin ne daban a zuciya. Muddin akwai ragowar bashi, kusan duk ƙofofin da zan lissafa a rufe suke, domin ba kamfanin da zai karɓi abinsa da bashi a kai, ba kuma mai sayen da zai ɗauka. In ragowar ba ta da yawa, biyan ta gaba ɗaya shi ne mabuɗin fita, ko da hakan na nufin neman rance marar ruwa a wurin 'yan uwa ko ɗaukar adashi.

Mataki na uku: nemi kamfanin ya karɓi abinsa

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi da araha, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa don sun ɗauka ba za a saurare su ba. Manyan kamfanonin Amurka suna da sashe na musamman na masu son fita. Na Wyndham sunansa Certified Exit, na Holiday Inn Club Vacations sunansa Horizons, na Westgate kuma Legacy. Marriott da Hilton Grand Vacations, wanda ya haɗiye Diamond Resorts a 2021, su ma suna da masu kula da wannan. Ƙungiyar kamfanonin, ARDA, ta buɗe shafin intanet mai suna ResponsibleExit inda aka jera lambobin waɗannan sassan. Ka ɗauki lamba daga can ko daga takardar kuɗin shekara da suke aiko maka, kada ka ɗauka daga tallar da ta fito a saman Google, domin yawancin waɗannan na wasu ne da ke kwaikwayon sunan kamfanin.

In ka kira, ka faɗa a fili cewa kana son mayar musu da mallakarka, a haɗa ka da sashen da ke karɓa. Wanda ya ɗauki waya zai iya tura ka wurin masu sayarwa, su kuma su ce maganin matsalarka shi ne ka ƙara sayen maki ko ka sauya zuwa sabon tsari wanda wai ya fi sauƙin sayarwa. Wannan sabon bashi ne a kan tsoho. Ka ƙi, ka maimaita buƙatarka. Haka in ka je hutu aka gayyace ka taron da suke kira na sabunta bayani ga masu mallaka, ka sani taron sayarwa ne, kada ka halarta.

Sharuɗɗansu kusan iri ɗaya ne: ba ragowar bashin saye, ba bashin kuɗin shekara. Wasu na karɓa kyauta, wasu na cajin 'yan ɗaruruwan daloli ko kuɗin shekara ɗaya ko biyu. Ba za su biya ka komai ba a mafi yawan lokuta. In ka lissafa, biyan dala 1,000 sau ɗaya don tsayar da dala 1,200 ta kowace shekara har ƙarshen rayuwa ciniki ne mai kyau, kada ɓacin rai ya sa ka ƙi shi.

Ba dole ne su karɓa ba, kuma amsar farko kan zama a'a. A nan ake buƙatar naci. Ka rubuta wasiƙa ka bayyana halin da kake ciki da gaskiya: ritaya, rashin lafiya, rasuwar miji ko mata, rasa aiki, komawa gida Najeriya ko Nijar da zama, faɗuwar darajar kuɗin da kake samu. Ka haɗa da shaida, kamar takardar likita ko ta sallama daga aiki. Ka riƙa rubuta ranar kowane kira da sunan wanda ka yi magana da shi da abin da ya ce. Ka sake kira bayan mako biyu, ka nemi na sama da shi. Abin kan ɗauki watanni, kuma cikin wannan lokacin ka ci gaba da biyan kuɗin shekara, domin bashi ɗaya ya isa su rufe fayil ɗinka.

In ƙaramin wuri ne wanda kamfanin da ya gina shi ya daɗe da tafiya, to ƙungiyar masu mallaka ce ke gudanar da shi. Ka rubuta wa kwamitinta kai tsaye. Su ma sun san cewa ƙwace mako ta hanyar doka yana cin kuɗi da lokaci, don haka tayin mayarwa cikin lalama tare da kuɗin shekara ɗaya a kai kan yi musu daɗi. A Turai kuma, ka tambayi kamfanin ko yana da tsarin sallamar wanda rashin lafiya mai tsawo, karayar arziki ko rasuwa ta shafa.

Mataki na huɗu: sayarwa, ko bayarwa kyauta

Kafin ka sa farashi, je ka ga abin da kasuwa ke faɗi. Shiga kasuwar intanet ta eBay ka nemi sunan wurin, ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ake tallatawa ba. Duba RedWeek, shafin sayarwa da hayar taimshiya, da kuma shafin Timeshare Users Group, wanda masu mallaka suka kafa tun 1993. Za ka tarar da makon da aka saya dala 25,000 ana ba da shi a kan dala 1, mai shi ma ya ɗauki nauyin kuɗin canjin suna. Dalili a bayyane yake: babban kaso na farashin farko kuɗin talla ne da kyaututtuka da la'adar masu sayarwa, masu son fita kuma sun fi masu son shiga yawa nesa ba kusa ba.

Akwai 'yan kaɗan da ke riƙe daraja. Disney Vacation Club na kan gaba, sai wasu wuraren Marriott da Hilton da Hyatt, musamman a Hawayi ko a makonnin da ake rububi kamar ƙarshen Disamba. In naka irin wannan ne, nemi dillali mai lasisin sayar da gidaje a jihar, wanda ke cire la'adarsa bayan ciniki ya faɗa. Akwai ƙungiyarsu mai suna LTRBA, membobinta ba sa karɓar kuɗi a gaba. Ka kuma duba ko kamfanin na da haƙƙin a fara yi masa tayi. A irin wannan yanayin, in ka samu mai saye sai an kai wa kamfani farashin ya ce ya saya ko ya bari. Kai dai ba ka da asara, ko wa ya saya ka fita.

In naka ba shi da kasuwa, ba da shi kyauta, har ma ka ƙara da ɗan abin jan hankali: ka biya kuɗin shekara mai zuwa da na canjin suna, ka bar wa mai karɓa makon bana. Amma ka faɗa masa gaskiyar kuɗin shekara da yadda yake hawa. Kada ka lallaɓa ɗan uwa ko aboki ya karɓa a matsayin alheri alhali ka san kaya ne kake sauke masa. Zumunci ya fi ƙarfin wannan. Wanda ya dace shi ne mai zuwa wurin hutu da ma kowace shekara, wanda ya yi lissafinsa ya ga ya fi masa kama otal.

Ko sayarwa ko kyauta, a bi ta hannun kamfanin da aikinsa shi ne rufe ciniki da canjin suna. Shi zai nemo takarda daga wurin hutun mai tabbatar da cewa ba bashi, ya rubuta sabuwar takardar mallaka, ya kai ta rajista, ya sanar da masu gudanarwa. Za ka sa hannu a gaban jami'in shaida mai hatimi. In kana wajen Amurka, ofishin jakadancinta na yin wannan aikin. Ka guji wanda zai ce ka miƙa mallakar ga wani kamfani na takarda da ba shi da komai. Wurin hutun na iya ƙin amincewa da canjin, sai ka wayi gari sunanka na nan, bashi na taruwa.

In abin ya ja lokaci, sa makon haya a RedWeek don ya rage maka kuɗin shekara, bayan ka tabbatar yarjejeniyarka ta yarda. Ƙungiyoyin agaji kuwa ba kasafai suke karɓa ba, tunda su ma sai sun biya.

Masu jiran ka a bakin ƙofa

Da zarar ka fara neman hanyar fita, wayarka za ta fara ƙara. Sunayen masu mallaka suna cikin rajistar da kowa ke iya gani, wasu jerin sunayen kuma sato su ake yi a sayar. A nan mutane suka fi yin asara ta biyu, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na farko shi ne mai cewa ya samo maka mai saye. Muryarsa a natse, ya san sunan wurin hutunka da lambar makonka. Zai ce wani attajiri ko wani kamfani na son saye a kan dala 30,000, ya aiko maka takardu masu tambari da sunan lauya. Saura abu ɗaya: harajin gwamnatin Meziko na dala 3,000 wanda wai za a mayar maka in ciniki ya kammala. Ka tura. Bayan mako ɗaya sai kuɗin lasisi, sannan na banki, sannan tarar da ta taso. In ka farga ka daina, bayan wata biyu wani zai kira ya ce shi jami'in gwamnati ne ko lauya, an kama ɓarayin, za a dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin buɗe fayil. Mutanen ɗaya ne. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 kimanin mutum 6,000 a Amurka sun kai rahoton asarar kusan dala miliyan 300 ta wannan hanya, kuma Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a kan kamfanonin da ke da alaƙa da ƙungiyar masu safarar ƙwayoyi ta Jalisco, CJNG, saboda wannan damfarar.

Na biyu ya fi wuyar ganewa domin yana da ofis da talla a rediyo da talabijin. Su ne kamfanonin da ke cewa za su fitar da kai, su karɓi dala 4,000 zuwa 10,000 ko fiye a gaba, da alkawarin mayar da kuɗi in sun gaza. Da yawansu abin da suke yi bai wuce rubuta wasiƙar da kai ma za ka iya rubutawa ba, ko su ce ka daina biya kuma ka daina magana da kamfanin, har a ƙwace makon a ɓata maka suna, sannan su ce ai ga shi ka fita. A 2020 babban lauyan jihar Washinton ya maka ɗaya daga cikin manyansu, Timeshare Exit Team, a kotu. A 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.61, daga baya ya rufe. A 2022 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, tare da jihar Wiskonsin sun shigar da ƙarar wasu kamfanonin da ake zargi da karɓe fiye da dala miliyan 90, mafi yawa daga hannun tsofaffi.

Ƙa'idar da za ka riƙe gajeriya ce. Wanda ya kira ka ba kai ka neme shi ba, kashe wayar. Wanda ya nemi kuɗi kafin aiki, ko ya ce ka tura ta banki zuwa wata ƙasa, ko da katin kyauta, ko da kirifto, ka rabu da shi. In an riga an cuce ka, kira bankinka nan take, ka kai rahoto ga FTC da shafin IC3 na FBI da ofishin babban lauyan jihar.

Inda lauya ke da amfani

In an yi maka ƙarya wurin saye, misali an ce jari ne mai riba, ko kamfani zai saye shi duk ranar da ka so, ko kuɗin shekara ba ya ƙaruwa, rubuta duk abin da ka tuna tun bai gushe ba, ka haɗa da duk wata takarda ko saƙo. A Amurka shari'ar na da wuya, don yarjejeniyar kan ƙunshi layin da ke cewa ba ka dogara da maganar baki ba. Duk da haka ƙorafi a rubuce ga babban lauyan jihar kan sa kamfani ya sassauta ya karɓi abinsa. In za ka ɗauki lauya, ka tabbatar da lasisinsa a shafin ƙungiyar lauyoyin jihar da ginin yake, kuma kai da shi za ku yi yarjejeniya, ba ta hannun wani kamfani ba.

A Turai ƙofar ta fi faɗi. Dokar Sifen ta 1998 ta ce irin wannan yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, kuma a Janairun 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe wata yarjejeniya ta har abada, hukuncin da ya buɗe wa dubban mutane hanyar neman kuɗinsu. In ka saya a Sifen daga 1999 zuwa sama, ka kai takardunka wurin lauyan ƙasar mai zaman kansa ya duba ko ka cancanta da kuma ko wa'adin shigar da ƙara bai wuce ba. A Birtaniya dokar 2010 ta hana a tallata taimshiya a matsayin jari. Wanda ya biya da katin bashi ko da rancen da mai sayarwa ya haɗa shi da shi zai iya kai ƙorafi ga bankin bisa dokar bashi ta 1974, in bankin ya ƙi ya wuce ofishin Financial Ombudsman mai sauraron ƙorafi kan bankuna, kuma wannan kyauta ne.

In ka ce ka daina biya kawai

Wasu na yin haka, kuma gara ka san abin da zai biyo baya kafin ka zaɓa. Tara za ta hau, a miƙa ka ga masu karɓar bashi, daga ƙarshe a ƙwace makon. Ga mazaunin Amurka wannan tabo ne na shekara 7 a kiredit ɗinsa, wato tarihin biyan bashinsa, wanda zai shafi sayen gida ko mota, wani lokaci har kama haya. In an yafe ragowar bashi, hukumar haraji na iya lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. A Florida akwai tsarin ƙwacewa ba ta kotu ba, wanda in ba ka yi jayayya da shi ba, ba za a biyo ka da ragowar bashin ba. A wasu wuraren ana iya biyo ka. A ganina wannan ita ce hanya ta ƙarshe, bayan an ƙwanƙwasa sauran ƙofofin a rubuce kuma an zauna da lauya ko da na awa ɗaya.

Maganar gado

Masu sayarwa kan ce ka sa sunan 'ya'yanka a takarda don su gada cikin sauƙi. Kada ka yi. Wanda sunansa ke kan takarda mai mallaka ne, kuma nauyin biya na wuyansa tun daga ranar. In sunansu ba ya kai, a Amurka magaji na da damar ƙin karɓa: ya rubuta takardar ƙin gado ya kai kotun da ke kula da rabon dukiyar, ya aika wa wurin hutun kwafi, yawanci cikin wata 9 da rasuwar, kuma da sharaɗin bai amfana da abin ba. Kwana ɗaya a ɗakin ko sa shi haya na iya rushe wannan damar. In na farko ya ƙi, abin na gangarawa kan mai bi masa, don haka kowane magaji sai ya rubuta tasa. Bashin da mamaci ya bari kuwa daga dukiyarsa za a fitar kafin rabo, kamar kowane bashi, kada magaji ya biya daga aljihunsa da sunansa. Wanda ya manyanta kuma yana da irin wannan mallaka, ya warware ta tun yana da ƙarfin kiran waya da rubuta wasiƙa, ya hutar da iyalinsa.

Tabbatar ka fita

Ta kowace hanya ka bi, aikin bai ƙare ba sai ka ga abu biyu da idonka: kwafin sabuwar takardar mallaka mai hatimin ofishin rajista na gundumar, wanda a wurare da dama za ka iya dubawa a intanet, da wasiƙa daga masu gudanar da wurin hutun mai cewa an rufe asusunka ba a bin ka komai. In na maki ne ko na shekaru, wasiƙar sallama daga kulob ɗin ita ce shaidarka. Sai ka je banki ka tsayar da cirar kuɗi ta kai tsaye, ka soke rajistarka da kamfanin musayar mako, RCI ko Interval International, domin nasu kuɗin daban ne kuma yana sabunta kansa. Ka adana takardun a wuri biyu, ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda suke. In takardar neman kuɗi ta sake zuwa a Janairu mai zuwa, kada ka biya; ka mayar musu da amsa a rubuce tare da kwafin wasiƙar sallamar.